Leo Svemps (1897-1975): Rayuwarsa da Zane-zanensa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce kawo tarihin rayuwa da ayyukan Leo Svemps, ɗaya daga cikin mashahuran masu zane na ƙasar Latbiya a ƙarni na 20. Mutumin ya yi shekara 77 a duniya, kuma a cikin waɗannan shekaru mulkin ƙasarsa ya sauya hannu sau da dama. An haife shi talakan Sarkin Rasha, ya ga 'yancin kai yana saurayi, ya ga mamayar Tarayyar Sobiyet da ta Jamus yana magidanci, sa'an nan ya tsufa ya rasu a ƙarƙashin mulkin Sobiyet. Duk da wannan juyi na zamani, abin da aka fi saninsa da shi bai sauya ba, wato zanen furanni da 'ya'yan itatuwa da tuluna da kwanuka da aka jera a kan tebur.

Abin da ya kamata a bincika shi ne yadda mutumin da ya zaɓi nau'in zanen da aka fi rainawa ya kai ga shugabancin babbar makarantar zane ta ƙasarsa, a ƙarƙashin gwamnatin da ba ta ɗauki wannan nau'i da muhimmanci ba, da kuma abin da hakan ya jawo wa zanen Latbiya. Don cimma wannan, za a dubi asalinsa da karatunsa da salonsa, sa'an nan a auna matsayin da ya riƙe.

2.0 Ƙasarsa da Haihuwarsa

Latbiya ƙaramar ƙasa ce da ke gaɓar gabas ta Tekun Baltik a arewacin Turai. Tana iyaka da Istoniya daga arewa, da Lituweniya daga kudu, da Rasha da Belarus daga gabas. Babban birninta shi ne Riga, wanda aka kafa a 1201 a bakin kogin Daugava. Tsawon ƙarnoni masu yawa Latbiyawa ba su mallaki ƙasarsu ba. Manyan gonaki suna hannun iyayen giji Jamusawa, sarauta kuwa ta bi ta hannun Folan da Suwidin kafin ta koma hannun Rasha a ƙarni na 18. A yankin Vidzeme sai a 1819 aka 'yanta manoma daga bautar gandu, kuma sai a rabin ƙarshe na wannan ƙarni 'ya'yan manoma suka fara samun ilmi mai zurfi.

A wannan yanki na Vidzeme, a gundumar Belava, aka haifi Leo Svemps ran 19 ga watan Yuli, 1897. A lokacin, zanen Latbiyawa yana jariri. Rukunin farko na ƙwararrun masu zane, irin su Janis Rozentals (1866-1916) da Vilhelms Purvitis (1872-1945) da Johans Valters (1869-1932), duk a birnin San Fitasbag na Rasha suka yi karatu. Abin da suka fi mayar da hankali a kai shi ne hotunan mutane da na daji da ƙauyuka, domin burinsu shi ne su nuna wa duniya cewa akwai wata al'umma mai suna Latbiyawa, mai ƙasarta da kamanninta. Zanen kayan da aka ajiye a kan tebur ba shi da wani gurbi babba a cikin wannan buri.

3.0 Ma'anar Zanen Kayan Tebur

Kafin a ci gaba, ya dace a bayyana nau'in zanen da ake magana a kai. Mai zane yakan zaɓi abubuwan da ba su motsi, alal misali tulu da kwalba da tuffa da kifi da damin furanni, ya jera su yadda yake so, sa'an nan ya zana su da fentin mai a kan ƙyalle. Faransawa suna kiransa nature morte, wato halittar da ta mutu, kuma daga gare su Rashawa suka ari kalmar. Latbiyawa kuwa suna cewa klusa daba, wato halittar da ta yi shiru. A wannan maƙala za a kira shi zanen kayan tebur.

Wannan nau'i ya bunƙasa a Holan a ƙarni na 17, inda 'yan kasuwa masu hali suke saye su rataya a gidajensu. Amma malaman zane na Faransa na wannan ƙarni sun jera nau'o'in zane hawa-hawa. Sun sa zanen labaran tarihi da na addini a sama, sai hoton mutum, sai zanen daji da na dabbobi, sa'an nan suka ajiye zanen kayan tebur a can ƙasa. Hujjarsu ita ce ba ya ɗauke da labari, ba ya koyar da ɗabi'a, kwaikwayon abin da ido ya gani ne kawai.

Masu iya magana sun ce hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A ƙarshen ƙarni na 19 Paul Cezanne (1839-1906) ya mayar da wannan nau'i fagen gwaji. Tun da tuffa ba ta gajiya, ba ta kuma ƙorafin cewa ba a fitar da kamanninta ba, mai zane yana da damar ya zauna ya nazarci yadda launi yake gina siffa, da yadda abubuwa suke zama da juna a fili ɗaya. Idan muka ari kalmomin nazarin adabi, sai mu ce a wannan nau'i jigo yakan ja baya, salo ya fito gaba. Saboda haka ne 'yan sabon salo na farkon ƙarni na 20, irin su Matisse da Picasso da Braque, suka rungume shi.

4.0 Karatunsa a Masko

Yaƙin Duniya na Farko ya tarwatsa Latbiyawa. A 1915 sojojin Jamus suka kama yammacin ƙasar, dubban ɗaruruwan mutane suka yi gudun hijira zuwa cikin Rasha, aka kwashe masana'antu da makarantu daga Riga. Yawancin samarin da daga baya suka zama jagororin sabon salon zane a Latbiya a biranen Rasha suka yi waɗannan shekaru. Svemps ya sami kansa a Masko, inda ya shiga jami'a yana karatun shari'a, yana kuma koyon zane a gefe.

Juyin juya halin 1917 ya same shi a can. A 1918 sabuwar gwamnati ta rushe tsofaffin makarantun zane na Masko ta kafa wasu a madadinsu, waɗanda aka kira ɗakunan koyon zane na kowa da kowa. A wannan tsari ba a neman takardar shaida kafin a shiga, kuma ɗalibi shi ke zaɓen malamin da yake so. Svemps ya yi karatu a ɗakin Ilya Mashkov (1881-1944) tsakanin 1918 da 1919.

Mashkov yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Bubnovy Valet a 1910, tare da Pyotr Konchalovsky da Aristarkh Lentulov da wasunsu, kuma Robert Falk ma ɗan ƙungiyar ne. Sunan ƙungiyar sunan wata ƙwayar karta ne, sun zaɓe shi da gangan don su tsokani masu ra'ayin mazan jiya. Sun ɗauki darasin Cezanne suka gauraya shi da launuka masu ƙarfi irin na allunan shaguna da farantan ƙarfe da ake sayarwa a kasuwannin Rasha. Mashkov kansa ya yi fice a zanen 'ya'yan itatuwa da burodi, yana cika ƙyalle da su kamar za su faɗo. Daɗin daɗawa, a Masko akwai taskoki biyu na zanen Faransa waɗanda attajirai Sergei Shchukin da Ivan Morozov suka tara, cike da ayyukan Cezanne da Matisse da Picasso, kuma a 1918 gwamnati ta karɓe su ta mayar da su mallakar jama'a. Ke nan ɗalibin zane a Masko a wannan lokaci yana iya ganin sabon zanen Faransa ba tare da ya taka Faris ba.

Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Shekarun da Svemps ya yi da Mashkov ba su da yawa, amma a nan ya sami abubuwa biyu da suka bi shi har ƙarshen rayuwarsa: son zanen kayan tebur, da yarda cewa launi shi ne ginshiƙin zane.

5.0 Komawarsa Gida

An ayyana 'yancin Latbiya ran 18 ga watan Nuwamba, 1918, amma sai da aka gwabza yaƙi da dakarun Bolshebik da na Jamusawa kafin ƙasar ta tsaya da ƙafarta. Yaƙin ya ƙare da yarjejeniyar sulhu da Rasha a watan Agusta, 1920. Svemps ya koma gida a 1919, a tsakiyar wannan hargitsi. Ya ci gaba da karatun shari'a a Jami'ar Latbiya, wadda aka buɗe a wannan shekara, ya kammala, ya yi aikin lauya. Wannan yana da muhimmanci wajen fahimtar zanensa. Wanda yake da wata sana'a ta daban ba dole ne ya zana hotunan attajirai da matansu don ya ci abinci ba, yana iya zana abin da ransa yake so.

A 1920 wasu samari suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Riga, suka yi nuninsu na farko a gidan adana zane na birnin. Cikinsu akwai Jekabs Kazaks da Romans Suta da Aleksandra Belcova da Oto Skulme da Valdemars Tone da Konrads Ubans da Gederts Eliass da Niklavs Strunke. Ƙungiyar ta fara da rashi, domin Jazeps Grosvalds, wanda ya fara kawo musu labarin sabon zanen Faris, ya rasu a farkon 1920, Kazaks kuma ya bi shi a ƙarshen shekarar yana da shekara 25. Haka kuma ta fara da faɗa. A wannan shekara wasu daga cikin tsofaffin masu zane suka shirya nunin bogi da sunan wani wai shi Kasparsons, suka cika shi da ayyukan da suka yi da gangan don ba'a, da nufin su nuna cewa sabon salo shirme ne wanda kowa zai iya yi. Wannan ya nuna irin zafin da gardamar ta yi.

Svemps ya shiga wannan ƙungiya a cikin shekarun 1920, ya riƙa nuna ayyukansa tare da su. Amma akwai bambanci tsakaninsa da wasu abokansa. A wajejen 1923 da 1924 da yawansu sun karkata ga salon Kubizim, wato salon da ake farfasa siffar abu a mayar da ita kusurwoyi da falle-falle. Suta, alal misali, ya je Faris ya ƙulla zumunci da masu wannan ra'ayi. Shi kuwa Svemps ya bar tulu a matsayin tulu, ya bar fure a matsayin fure, ya sa ƙarfinsa a kan launi da tafiyar buroshi. Da ƙarshen shekarun 1920 ya zo, sai yawancin 'yan ƙungiyar suka bar kusurwoyi suka dawo ga zanen abin da ido ke iya ganewa, amma da sakin hannu da kaurin fenti. Nune-nunen zanen Beljiyam da aka yi a Riga a 1927 da 1932 sun ƙarfafa wannan karkata. Ke nan inda Svemps ya tsaya tun farko, nan abokansa suka zo suka same shi.

6.0 Salonsa

Duk wanda ya dubi zanen kayan tebur na Svemps zai fara lura da cewa kayan ba su da yawa, kuma ba na alfarma ba ne: tulu ko kaskon furanni, 'ya'yan itatuwa a faranti, ƙyallen da aka shimfiɗa ya yi lanƙwasa, wani lokaci kwalba ko kofi. Ba ya bin kowane ganye ya fitar da jijiyoyinsa. Yakan ɗora fenti da faɗi da kauri, ta yadda idan mutum ya matso kusa sai ya ga shafe-shafen launi kawai, in ya ja da baya sai furen ya haɗu.

Wahalar wannan aiki tana cikin dangantakar launuka. Ja ba ya zama ja ɗaya a ko'ina. Idan aka ajiye shi kusa da kore sai ya ƙara haske, in aka ajiye shi kusa da ruwan ƙasa sai ya lafa. Farin faranti yana ɗaukar launin tuffar da ke kansa, inuwar tulu kuma ba baƙa ba ce, tana da shuɗi ko shunayya a ciki. Mai zane irin Svemps yakan gina nauyin abu da zagayensa ta hanyar jera launi mai ɗumi kusa da mai sanyi, maimakon ya zana layi ya cika shi da fenti. In launi ɗaya ya fi ƙarfin sauran, zanen ya wargaje. Saboda haka aikin yana buƙatar ido mai auna abu da hannu mai saurin yanke shawara, musamman da yake fure ba ya jiran mai zane, kwana kaɗan ya yi yaushi.

Manazarta sun lura da sauyi a launukansa. Ayyukansa na tsakanin yaƙoƙin duniya biyu sun fi duhu da nauyi, inda furanni ko 'ya'yan itatuwa suke haskowa daga bango mai duhu. A shekarunsa na baya kuwa launukan sun ƙara haske da walwala. Har ila yau bai tsaya ga tebur kaɗai ba, ya zana filayen ƙasarsa da birnin Riga da gaɓar kogi, amma da irin idon da yake duban tulu da shi, wato gine-gine da ruwa da sararin sama duk sun zama launukan da ake aunawa da juna.

7.0 Yaƙi da Watsewar Ƙungiya

A watan Mayu, 1934, Karlis Ulmanis ya rushe majalisa ya kama mulki shi kaɗai. Gwamnatinsa ta fi son zanen da ke ɗaukaka manomi da tarihin ƙasa, amma ba ta hana sauran nau'o'i ba. Babbar masifa ta zo ne a watan Yuni, 1940, lokacin da sojojin Sobiyet suka shiga Latbiya, aka haɗe ta da Tarayyar Sobiyet a watan Agusta. Sabuwar gwamnati ta rufe ƙungiyoyi masu zaman kansu, Ƙungiyar Masu Zane ta Riga ta zo ƙarshe. A wannan shekara aka naɗa Oto Skulme shugaban Makarantar Zane ta Latbiya, wadda Purvitis ya fara shugabanta tun kafa ta a 1919, kuma a wannan shekara Svemps ya fara koyarwa a can. Wato 'yan tawayen 1920 su ne suka zama malamai a 1940.

Abin da ya biyo baya ya fi ƙarfin gardamar salo. Ran 14 ga watan Yuni, 1941, aka kwashi mutane fiye da 15,000 aka tura su can cikin Rasha. Makonni kaɗan bayan haka Jamus ta mamaye ƙasar, ta hallaka mafi yawan Yahudawanta, ta riƙe Riga har zuwa watan Oktoba, 1944, lokacin da sojojin Sobiyet suka dawo. Mutane fiye da 100,000 suka tsere zuwa yamma. A watan Maris, 1949, aka sake kwashe fiye da 42,000 zuwa Sibiriya.

Idan aka dubi abin da ya sami abokan Svemps da malaman zamaninsa, za a fahimci nauyin zaɓin da ke gaban kowa. Purvitis ya yi hijira ya rasu a Jamus a 1945, kuma ayyukansa masu yawa sun salwanta a yaƙin. Tone ya ƙare rayuwarsa a Ingila a 1958. Strunke ya zauna a Suwidin, ya rasu a Rum a 1966. Suta, wanda ya bi Sobiyet zuwa gabas a 1941, an kama shi aka harbe shi a birnin Tibilisi a 1944. Svemps da Skulme da Ubans da Eliass suna cikin waɗanda suka zauna a gida, suka ci gaba da koyarwa.

8.0 Ƙarƙashin Aƙidar Zanen Gurguzu

Tun a 1932 gwamnatin Sobiyet ta rushe ƙungiyoyin marubuta da masu zane ta haɗa su a ƙarƙashin hukuma, kuma daga 1934 ta ɗora musu tafarki guda, wato zanen zahiri na gurguzu. Abin da ake nema shi ne manyan hotuna masu jigo: shugabanni, da ma'aikata a masana'anta, da manoma a gonar haɗin gwiwa, da nasarorin yaƙi, a zana su ta yadda kowa zai gane ya kuma yi sha'awa. Ta haka tsohon jerin nan na malaman Faransa ya dawo da sabuwar riga, zanen labari a sama, zanen kayan tebur a ƙasa. Babban laifin da ake tuhumar mai zane da shi shi ne fifita salo a kan jigo. Bayan yaƙi wannan tuhuma ta tsananta, har a 1948 aka rufe gidan da ke ajiye taskokin Shchukin da Morozov a Masko.

Wannan ba gardamar fatar baki ba ce, domin hukuma ce ke ba da ɗakin aiki da fenti da kwangila da izinin nuni. Wanda aka cire daga ƙungiyar masu zane ta gwamnati ya rasa hanyar cin abinci. Mutum kamar Svemps, wanda duk darajar aikinsa tana cikin salo, yana tsaye ne a bakin rami. Ya zama farfesa a 1947, amma koyarwarsa ta katse a 1952, a daidai lokacin da farautar masu fifita salo ta yi tsanani, kuma bai koma ba sai a 1954, shekara guda bayan mutuwar Stalin.

Sai dai kuma ƙanƙantar nau'in nasa ta zame masa garkuwa. Mai zana shugaba yana iya yin kuskuren siyasa a fuska ko a tsayuwa ko a mutanen da ya sa a gefensa, kuma in aka tsige wani daga cikinsu hoton ya zama laifi. Damin furanni kuwa ba shi da jam'iyya. Ana iya cewa ba shi da amfani ga gina gurguzu, amma da wuya a ce yana yi mata zagon ƙasa, har ma ana iya fassara tebur mai cike da 'ya'yan itatuwa a matsayin shaidar yalwa. A wannan ɗan fili da hukuma ba ta cika sa wa ido ba, darasin Cezanne da na Mashkov ya ci gaba da rayuwa a Riga.

9.0 Shugabancin Makaranta

Bayan jawabin da Khrushchev ya yi a 1956 yana sukar Stalin, an ɗan sassauta. Amma sassaucin yana da iyaka. A 1959 aka kori shugabannin jam'iyyar gurguzu ta Latbiya waɗanda suka nemi kare harshe da muradun ƙasarsu, Eduards Berklavs yana cikinsu. A wannan yanayi aka naɗa Svemps shugaban Makarantar Zane a 1961, kuma ya riƙe muƙamin har 1974. A watan Disamba, 1962, Khrushchev ya ziyarci wani babban nuni a Masko ya yi wa 'yan sabon salo kaca-kaca, ayyukan Robert Falk, abokin ƙungiyar Mashkov, suna cikin waɗanda suka sha suka. Amma a 1963 aka ba Svemps, almajirin Mashkov, lambar Mai Zanen Jama'ar Tarayyar Sobiyet, wadda ita ce mafi girman lambar da ake ba mai zane a ƙasar. Daga 1965 zuwa 1968 kuma ya shugabanci Ƙungiyar Masu Zane ta Latbiya.

A nan ne ya kamata a yi adalci wajen auna shi. Waɗannan muƙamai ba a ba da su ga mai jayayya da gwamnati. Wanda ya riƙe su ya yarda ya yi aiki a cikin tsarin da ya mamaye ƙasarsa, ya kori abokansa, ya kashe ɗaya daga cikinsu. Makarantar da ya shugabanta ta ci gaba da koyar da darussan aƙidar Markisanci, ɗalibanta kuma sun ci gaba da kammala karatu da manyan hotuna masu jigon da hukuma ta amince da shi. Ba za a kira Svemps ɗan gwagwarmaya ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, akwai abin da bai kamata a manta ba. A makarantun zane irin wannan, da zanen kayan tebur ɗalibi yake farawa kafin a bar shi ya zana mutum. A gaban tulu da ƙyalle ne yake koyon ganin launi da auna shi. Wanda ya gyara idon ɗalibi a wannan mataki ya yi tasiri a kan duk abin da zai zana daga baya, ko da hoton ma'aikatan masana'anta ne. Kasancewar Svemps da Ubans da Eliass da Skulme a makarantar ya sa zaren da ya taso daga 1920 bai tsinke ba. Masu zanen da suka fito daga makarantar bayan yaƙi, irin su Dzemma Skulme da Edgars Iltners da Indulis Zarins da Boriss Berzins da Maija Tabaka, sun sa an san zanen Latbiya a faɗin Tarayyar Sobiyet da ƙarfin launi da sakin hannu. Ba Svemps kaɗai ya jawo haka ba, amma shekara 13 da ya yi yana riƙe da makarantar suna cikin dalilan.

10.0 Kammalawa

Leo Svemps ya rasu a Riga ran 7 ga watan Maris, 1975, shekara guda bayan ya sauka daga shugabancin makaranta. Bai ga dawowar 'yancin Latbiya ba, wanda ya tabbata a watan Agusta, 1991. Bayan wannan sauyi, hotuna da yawa na shugabanni da na gonakin haɗin gwiwa sun koma ɗakunan ajiya, ba a fito da su sai don nazarin tarihi. Zane-zanen Svemps kuwa ba su buƙaci a sake musu fassara ba, domin abin da suke nunawa a 1930 shi suke nunawa a 1970. Babban gidan adana zane na ƙasa da ke Riga yana riƙe da ayyukansa, kuma a tarihin zanen Latbiya sunansa na cikin na farko da ake ambata in an zo maganar zanen kayan tebur.

Daga abin da ya gabata an ga cewa rayuwarsa ta haɗa abubuwa biyu da suke kamar ba za su haɗu ba: biyayya ga hukuma a ofis, da riƙo da tafarki guda a gaban ƙyalle. Ana cewa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma Svemps ya sauya rawa a matsayinsa na ma'aikaci, daga lauya a jamhuriya mai 'yanci zuwa shugaban makaranta a ƙarƙashin Sobiyet. Amma a matsayinsa na mai zane ya tsaya kan abin da ya koya a Masko yana ɗan shekara 21. Ga ɗalibin adabi, tarihinsa yana tayar da tambayar da ta shafi kowane fanni na fasaha, wato ko darajar aiki tana cikin girman jigonsa ne ko cikin ƙwarewar sarrafa shi. Hukumomi biyu, na Faransa a ƙarni na 17 da na Sobiyet a ƙarni na 20, sun ba da amsa iri ɗaya, suka fifita jigo. Ayyukan Svemps, da yadda suka wanzu bayan rushewar gwamnatin da ta ba shi lamba, hujja ce ga masu ɗaya ra'ayin.